Lodi, Birki da Kwana: Dokokin Motsi a Kan Hanyar Beji

Matafiyin da ya taso daga Minna ya nufi Zungeru, in ya wuce Maikunkele, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, ba zai jima ba zai iske Beji. Idan ranar kasuwa ce, tun daga nesa zai gane. Motocin akori-kura sun jeru a bakin titi, an jibga musu doya har ta ɗara kan direba. Fulani na koro shanu zuwa kara, matan Gbagyi na tafe da kayansu a kafaɗa yadda suka gada kaka da kakanni, 'yan dako na tura baro suna neman a ba su hanya, masu babura na kutsawa ta duk inda suka ga kafa. Can kuma ga tirela ta gangaro daga wajen Tegina, direbanta na ta danna hon tun kafin ya iso cikin jama'a, domin shi ya san nisan da motarsa ke bukata kafin ta tsaya.

Duk wannan kai-komo, tun daga ƙwayar shinkafar da ta faɗo daga mudu har zuwa tirelar mai taya goma sha takwas, dokoki uku ne kacal ke tafiyar da shi. Ɗaliban sakandare sun san su da sunan dokokin motsi na Newton. Suna haddace su don jarrabawa, kuma hukumar da ke shirya ɗaya daga cikin manyan jarrabawoyin, wato NECO, wadda aka kafa a 1999, a nan Minna hedikwatarta take. Da yawa daga cikin ɗaliban nan kan ajiye haddar a ƙofar ɗakin jarrabawa, alhali iyayensu na aiki da dokokin kullum a gona da kasuwa ba tare da sun taɓa jin sunansu ba. Sai dai sanin da hannu ya yi wa motsi yana da iyaka, kuma iyakar tana bakin kwalta.

Tambayar da ta ɗauki shekara dubu biyu

Mutumin da ke tura baro ya san cewa da ya sake shi zai tsaya. Don haka hankali kan karkata ga cewa abu ba ya tafiya sai da mai tura shi. Haka Aristotal, masanin ƙasar Girka da ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya koyar, kuma maganarsa ta yi ƙarnoni tana mulki a makarantu. Amma akwai abin da ya ƙi shiga cikin bayanin nasa. Kibiya ta bar baka, dutse ya bar majajjawa, to wa ke ci gaba da tura su? Amsar da ya bayar ita ce iska, amsar da ba ta gamsar da masu zurfin tunani ba.

Cikin waɗanda suka ƙi gamsuwa akwai Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara a shekarar 980, ya rasu a Hamadan a 1037. A littafinsa Kitab al-Shifa ya yi bayanin cewa mai jifa yana sanya wa abin da ya jefa wata karkata, wadda ya kira "mail" da Larabci, kuma wannan karkatar ba ta ƙarewa don kanta, sai dai wani abu daga waje, kamar iska, ya cinye ta. A ƙarni na 12, Abul Barakat al-Bagdadi ya ƙara da cewa abin da ke faɗowa gudunsa ƙaruwa yake yi, saboda jan da ake masa taruwa yake. Daga baya Galileo na ƙasar Italiya, wanda ya rasu a 1642, ya koma gwaji: yana gangaro ƙwallaye a kan katako mai santsi, yana auna lokaci. Ya lura cewa gwargwadon santsin wuri, gwargwadon nisan da ƙwallo ke yi kafin ta tsaya. Ashe abin da ke tsayar da ita gogayya ce tsakaninta da ƙasa.

Isaac Newton, ɗan wani manomi daga ƙauyen Woolsthorpe a Ingila, shi ya tattara wannan gado ya ɗaure shi da lissafi. Littafinsa da aka fi sani da Principia ya fito a Landan a 1687, da harshen Latin, kuma abokinsa masanin taurari Edmond Halley ne ya biya kuɗin buga shi. A farkon littafin ya jera dokokin uku.

Doka ta farko: ƙiwar kowane abu

Abin da ke zaune zai ci gaba da zama, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, har sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Kalmar da masana suka ba wannan ɗabi'a ta samo asali daga kalmar Latin mai ma'anar ƙiwa, kuma fassarar ta dace: kowane abu yana ƙiwar sauya halin da yake ciki. Na zaune ba ya son tashi, mai gudu ba ya son tsayawa.

Rabin farko na dokar kowa ya yarda da shi. Matar da ke kaɗe tabarma da sanda tana aiki da shi: sanda ta tunkuɗe tabarmar gaba farat ɗaya, ƙurar da ke kwance a kai ta ƙi bin ta, sai aka bar ta a iska. Rabi na biyun shi ne mai wuyar karɓa, ko da yake hannu ya san shi sarai. Kafinta in kan gudumarsa ya yi sako-sako, sai ya buga gindin ƙotar a ƙasa. Ƙota ta tsaya cak, ƙarfen ya ci gaba da sauka, ya ƙara matsewa. Manomin shinkafa a fadamun Neja in ya ɗaga dami ya maka a jikin duro, kara ya tsaya, ƙwaya ta wuce ta tsinke. Mai alwala ma in ya yarfe hannu, hannun ne ya tsaya, ruwan ya ci gaba da tafiyarsa.

Dalilin da ya sa ba a ganin abu yana tafiya har abada a doron ƙasa shi ne gogayya da iska ba sa barin komai ya huta. Inda babu su, dokar na bayyana ƙarara. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yanzu yana keta sararin samaniya da gudun kusan kilomita 17 a kowace daƙiƙa, ba tare da wani inji na tura shi gaba ba.

Yanzu a koma kan hanyar Beji da yamma, lokacin da kasuwa ta watse. Akori-kura ta ɗauki buhuna, mutane sun hau kan buhunan, ƙafafu na reto. Motar na gudun kilomita 60 a awa, wanda ke nufin kowane mutum da ke samanta shi ma gudun da yake yi ke nan. Akuya ta gitta, direba ya taka birki. Birki tayoyi yake kamawa, tayoyi su kama kwalta, mota ta rage gudu. Mutumin da ke zaune kan buhu ba shi da birki. Zai ci gaba da tafiya da kilomita 60 ɗinsa har sai ya haɗu da abin da zai tsayar da shi, ko ƙarfen bodi, ko kwalta. Mutane kan ce birki ne ya wurgo shi. A haƙiƙa babu abin da ya wurgo shi. Motar ce ta tsaya a ƙarƙashinsa, shi kuwa ya wuce.

Kwana ma haka take. Yaron da ke juya majajjawa don korar tsuntsaye a gonar dawa ya san cewa da ya saki igiya, dutsen miƙewa zai yi ɗoɗar, ba zai ci gaba da zagaye ba. Igiyar ce ke tilasta masa lanƙwasa. A mota, riƙon da taya ke yi wa titi shi ne igiyar. Idan taya ta suɗe, ko yashi ya kwanta a kwanar, ko ruwan farkon damina ya haɗu da man da ya ɗiga a kwalta, igiyar ta tsinke ke nan, mota kuma ta miƙe daji duk yadda aka murza sitiyari. Idan kuma tayoyin sun riƙe amma lodin ya yi tsawo, ƙasan motar zai bi kwana, samanta ya nemi miƙewa, sai ta kife. Shi ya sa lodin doya mai tsini ya fi lodin siminti mai nauyi ɗaya haɗari a kwana.

Akwai kuma kayan da ba su ɗauruwa. Yarinyar da ta ɗebo ruwa a bokiti takan jefa ganye a kai don kada ya yi ta fallatsa, domin ta san ruwa ba ya tsayawa lokacin da ta tsaya. Tankar mai da ba ta cika ba babban bokiti ce: direba ya taka birki, dubban litoci su kwararo gaba su daki bangon tankin; ya sha kwana, su taru a gefe guda. Don haka ne ake raba cikin tanki ɗaki-ɗaki, a sa masa shingaye. Shanun da ke tsaye a bayan tirela su ma kaya ne masu motsi, kuma sa guda na iya kai kilo 300 ko fiye. Mutumin da ya zauna a tsakaninsu, ko a kan katakon da aka gitta a samansu, ya sa kansa a hanyar wannan nauyi duk lokacin da aka taka birki. Jihar Neja ba ta manta da watan Satumba na 2024 ba, lokacin da tankar mai ta yi karo da wata babbar mota ɗauke da mutane da shanu a yankin Agaie, fiye da mutum 40 suka rasu.

Doka ta biyu: ƙarfi, nauyi da lokaci

Doka ta farko ta ce sai da ƙarfi ake sauya motsi. Ta biyu ta faɗi adadin. Saurin sauyawar gudun abu yana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin da aka sa masa, yana raguwa gwargwadon nauyinsa. A lissafi, ƙarfi daidai yake da nauyi sau sauyin gudu a kowace daƙiƙa.

Ɗan dako bai bukatar allo kafin ya gane wannan. Baro mai buhu ɗaya da yunƙuri kaɗan yake tashi. Mai buhu uku sai an tokare ƙafa an yi nishi. Ya kuma san ɓangaren da direbobi da yawa ke mantawa: baron da ya yi wuyar tashi, shi ne mai wuyar tsayarwa a gangare. Birkin mota ƙarfinsa ƙayyadadde ne, masu ƙera ta sun auna shi da nauyin da suka rubuta a jikinta. In an ninka lodi, birkin bai ƙaru ba, don haka sai ya ɗauki lokaci da nisa fiye da da kafin ya cinye gudun. A doguwar gangara kuma duk ƙarfin motsin da birki ke cinyewa zafi yake komawa. Ƙarfen ya yi zafi fiye da kima, riƙonsa ya ragu, sai a ji an ce birki ya shanye. Tsofaffin direbobin manyan motoci kan sauko gangara da ƙaramar giya saboda inji ya taya birki aiki.

A nan akwai bambancin da Hausa ke haɗewa a kalma ɗaya. Nauyin da ake ji in an ɗaga abu jan da ƙasa ke masa ne. Nauyin da dokar Newton ke nufi kuwa yawan abin da ke jikinsa ne. Buhun siminti mai kilo 50 in an kai shi duniyar wata, ɗaga shi zai yi sauƙi kusan sau shida, amma in ya taho da gudu, tare shi zai yi wuya kamar yadda yake a Beji.

Ɓangaren dokar da ya fi shafar rai shi ne lokaci. A kalli masu sauke kankana daga mota: na sama ya jefo, na ƙasa ya cafe, amma ba ya cafewa da sandararrun hannaye. Yakan bi kankanar da hannunsa zuwa ƙasa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa. Da zai tare ta cak, fashewa za ta yi. Gudun da za a cire mata ɗaya ne ko ta wace hanya. Abin da ya bambanta shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana cirewa. In lokacin ya ninku biyar, ƙarfin da ya daki ɓawonta ya ragu sau biyar. Magina masu jefa wa juna bulo da mai tsaron gida a filin ƙwallo duk dabarar da suke yi ke nan.

Duk kayan kariyar da ke cikin mota a kan wannan dabara aka gina su. Gaban motocin zamani da gangan aka yi shi ya riƙa lotsewa, domin lotsewar na tsawaita lokacin tsayawa. Motar da ta yi raga-raga a gaba mutanen ciki suka fito da ƙafarsu ta yi aikinta. Bel ɗin kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda injiniyan kamfanin Volvo Nils Bohlin ya fito da shi a 1959, yana ɗaure mutum da motar domin ya ci moriyar wannan lotsewa, ya kuma raba ƙarfin a kan ƙasusuwa masu ƙwari. Hular kwano ta gaskiya tana da soso mai tauri a ciki wanda ke murƙushewa a hankali kafin bugun ya kai ga ƙwaƙwalwa. Robar da leburori ke sawa a wurin gini an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba za ta maye gurbinta a kan babur ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a farkon 2003, sa hular kwano kuma a farkon 2009. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel na rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman lamarin. Uwa ta zauna a gaban mota ta rungume ɗanta mai kilo 10. Motar na gudun kilomita 50 a awa, gudun da kowa zai kira a hankali, ta daki wani abu ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci, ƙarfin da ake bukata don riƙe yaron ya kai na ɗaga kilo 140, kusan buhun siminti uku, kuma a fizge zai zo. Babu hannun uwar da zai iya, duk son da take wa ɗanta. Wurin yaro kujerar baya ne, a ɗaure.

Inda sanin hannu ke ƙarewa

Duk dabarun da aka ambata, na ɗan dako da mai kankana da yarinya mai bokiti, an koye su ne a gudun ƙafa, ko na jaki, ko na keke. A wannan mataki jiki ba ya kuskure. Matsalar ita ce gudu ba ya yin lissafi irin na kasuwa, inda mudu biyu ke cin kuɗin mudu ɗaya sau biyu. In aka ninka gudu biyu, ƙarfin motsin da ke cikin mota ninkuwa huɗu yake yi. In aka ninka uku, ya ninku tara.

A ɗauki ƙaramar mota mai lafiyayyen birki da tayoyi masu kyau a busasshiyar kwalta. A gudun kilomita 40, daga taka birki zuwa tsayawa tana bukatar kimanin mita 9. A kilomita 80, kimanin mita 35. A kilomita 120, kusan mita 80. Wannan bai haɗa da lokacin da direba ke ɗauka tsakanin ganin abu da kai ƙafa kan birki ba, wanda ba ya kasa daƙiƙa ɗaya ga mutumin da ke a farke. A gudun kilomita 80, daƙiƙa ɗaya mita 22 ce da mota ta cinye ba tare da an rage komai ba. Jimla kusan mita 57, fiye da rabin filin ƙwallo. Direban da ke duba waya ko ya kwana yana tuƙi, sai a ƙara masa wasu mitocin.

Ga wani ma'aunin kuma: karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato daga saman bene mai hawa uku. A kilomita 100, tsayin ya zama mita 40. Mutumin da ba zai yarda ya leƙa daga saman irin wannan gini ba tare da ya riƙe wani abu ba, shi ne ke zama a kan buhu a bayan mota hankali kwance, saboda idonsa na ganin tsayi, amma ba ya ganin gudu.

Daga nan aka samo alƙaluman da ke cikin dokar hanya ta Najeriya: kilomita 50 a cikin gari, 80 ga ƙananan motoci a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, tireloli da tankoki kuwa ba su wuce 60 ko a ina. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, ta nuna cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkuwa fiye da sau huɗu tsakanin gudun kilomita 50 da 65. A allon gaban mota wannan tazara ɗan motsin allura ne kawai. Ga garin da babbar hanya ta ratsa tsakiyar kasuwarsa, kamar Beji, ita ce tazarar da ke tsakanin karaya da jana'iza.

Jirgin ƙasa shi ne ƙarshen misali. Layin dogo da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911 ta Minna ya bi, daga baya kuma wanda ya fito daga Legas ta Zungeru ya haɗe da shi a Minna. Ƙarfe a kan ƙarfe gogayyarsa kaɗan ce, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan tarago masu yawa. Wannan ƙarancin gogayya shi ne kuma ya sa jirgi ke bukatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Direbansa na iya hango motar da ta maƙale a mahaɗa, ya ja birki nan take, kuma duk da haka ya iske ta.

Doka ta uku: duk wanda ya tura, an tura shi

Ƙarfi ba ya zuwa shi kaɗai. In wani abu ya tura wani, na biyun ma yana tura na farkon da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ke kishiyantar ta farko. Mai tafiya a ƙasa tura ƙasa yake yi baya, ƙasa ta tura shi gaba. Ranar da ya taka taɓo mai santsi ya rasa abin turawa, sai ya ga tafiyar ta gagara. Motar da ta kafe a laka tayarta na juyawa a banza saboda dalili ɗaya, kuma masu zuba mata duwatsu da rassan itace a ƙarƙashi suna nema mata abin da za ta tura ne. Mai kwale-kwale a Kogin Kaduna wajen Zungeru yana tura ruwa baya da filafili, ruwa ya tura jirginsa gaba. Maharbi ya san dalilin da ya sa ake manna gindin bindiga a kafaɗa kafin a ɗana.

Tambayar da ɗalibai masu kaifin basira kan yi ita ce: in shanu sun ja amalanke, amalanke ya ja su baya da ƙarfi iri ɗaya, ta yaya ake tafiya? Amsar ita ce ƙarfin biyu ba a kan abu ɗaya suke sauka ba, don haka ba sa kashe juna. Ɗaya a kan amalanke yake, ɗaya a kan shanu. Amalanke na tafiya saboda jan shanu ya fi gogayyar tayoyinsa. Shanu na tafiya saboda turin da ƙasa ke yi wa kofatansu ya fi jan amalanke.

Wannan ya kawo maganar da ta fi ba mutane mamaki. In tirela ta yi karo da babur, ƙarfin da tirela ta daki babur da shi daidai yake da wanda babur ya daki tirela da shi. Bambancin sakamako daga doka ta biyu yake fitowa. Tirela da lodinta na iya kai tan 30, babur da mahayinsa kilo 200, wato ta fi shi nauyi sau 150. Bugun da zai sauya gudun tirelar da abin da direbanta da ƙyar zai ji, zai sauya gudun babur ɗin sau 150 fiye da haka, kuma jikin ɗan'adam ne zai ɗauki wannan sauyi. Ɗan acaɓan da ke shan gaban babbar mota yana dogara da zafin namansa yana caca ne da wannan lissafi.

Dokar da ke kisa a nan ita ce ke kawo haske a can. A madatsar ruwa ta Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600, da sabuwar ta Zungeru mai megawat 700, ruwa ne ke gangarowa ya daki fukafukan inji. Fukafukan su karkatar da ruwan, ruwan ya tura su su juya, juyawar ta zama lantarki. Rokar da ta ɗaga tauraron ɗan'adam na sadarwa na Najeriya, NigComSat-1R, daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011, iskar gas mai zafi ta riƙa fesowa ƙasa, iskar ta tura ta sama. Ba ta bukatar iskar sarari don ta tokara, shi ya sa take aiki har inda babu iska.

Daga aji zuwa tasha

A farkon ƙarni na 20 Albert Einstein da wasu masana sun nuna cewa dokokin Newton na kaucewa in abu ya kusanci gudun haske, ko ya yi ƙanƙanta kamar ƙwayar zarra. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu, inda mutane da shanu da motoci ke rayuwa, dokokin na nan daram. Da su injiniyoyin da ake yayewa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, ke lissafin gada da birki da lanƙwasar titi.

Abin da ya rage shi ne dokokin su fito daga littafi. Malamin kimiyya a makarantar ƙauye ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya koyar da su: baro da buhunan yashi, guduma, bokitin ruwa, ƙwai da zanen da mutum biyu za su riƙe a jefa ƙwan a ciki, sun isa darasin mako guda. In ya fita da ɗalibai fili ya sa su auna mita 57 da igiya, su tsaya a ƙarshenta su waiwayo, za su ga da idonsu abin da kilomita 80 ke nufi. Wannan awon ya kamata a yi shi a tasha ma, a gaban direbobi da yaran mota da 'yan kamasho, da Hausa da Gbagyi da Nupe da Fulatanci, domin su ne ke yanke shawarar tsawon lodi da wanda zai hau kansa.

Idan haɗari ya auku akan ce tsautsayi ne, a yi wa mamata addu'a, a yi wa masu rai jaje, kuma haka ya dace. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana manomi ɗaure dabbarsa ba, ba ta kuma hana mai kankana lanƙwasa gwiwa ba. A ranar kasuwar Beji mai zuwa, direban da ya sauko daga 65 zuwa 50 tun kafin ya iso rumfunan farko zai yi asarar ƙasa da daƙiƙa 20 a kowace kilomita. Nisan da yake bukata don tsayawa kuwa zai ragu da wajen mita 14, tsawon akori-kura uku a jere, a daidai wurin da yara masu tallar gyaɗa ke tsallaka titi.